Alƙalamin Gwandu da Katakon Edo: Yadda Zamani Ya Ci Sana'ar Rubutun Hannu, da Abin da Ya Rage a Ceta

A watan Mayun 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sarkin bai yarda ya gana da shi ba, amma wani malami a garin ya ara masa wani littafi rubutun hannu, wato Tarikh al-Sudan, tarihin Timbuktu da daular Songhai. Barth ya shafe kwanaki yana kwafe sassan littafin, kuma ta hannunsa ne masanan Turai suka fara sanin abin da ke cikinsa. Littafin da aka wallafa tun ƙarni na 17 a can yammacin kogin Kwara ya iso Gwandu ne ta hanya ɗaya tak: wani ya zauna ya kwafe shi da alƙalami, wani kuma ya kwafa daga nasa.

Bayan wata biyu, a Yulin wannan shekarar, jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a mashigin Edo, birnin da ake kira Tokyo a yau, suka matsa wa Japan ta buɗe ƙofofinta ga cinikin duniya. A lokacin Edo ce cibiyar bugun katako, sana'ar da ake sassaƙa rubutu ko zane a jikin allon katako, a shafa masa launi, a ɗora takarda a murza da hannu. Cikin shekara hamsin da suka biyo baya inji ya ture wannan sana'a daga kasuwa. Marubutan hannu na ƙasar Hausa sun fi haka jimawa, amma su ma guguwar ta iso gare su.

Sana'o'in biyu sun yi tarayya a rauni, sun bambanta a makoma. A Yulin 2024 Japan ta fitar da sabuwar takardar yen 1,000 ɗauke da zanen igiyar teku na Hokusai, wanda asalinsa bugun katako ne. Najeriya kuwa ta cire rubutun Ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50 a 2007, ta kuma cire shi daga naira 100 a 2014. Wannan bayani ya bi sawun sana'ar kwafar littafi a ƙasar Gwandu da sauran ƙasar Hausa: yadda take, abin da ya raunana ta, inda littattafan suke yanzu, da kuma darasin da ke cikin abin da Japan ta yi wa tata sana'ar.

Gwandu a matsayin garin littafi

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Gwandu daga 1805, a tsakiyar yaƙe-yaƙen jihadi, kafin ya koma Sifawa. Da aka raba kula da daula a 1812, yammaci ya faɗa hannun ƙanensa Abdullahi, gabashi kuma hannun ɗansa Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Abdullahi ya tare a Gwandu, har mutane suka riƙa kiransa Abdullahin Gwandu. A yau masarautar Gwandu, wadda fadarta take Birnin Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi da dama a Jihar Kebbi, ciki har da Kalgo, inda mazaɓar Dangoma da Gayi take.

Abdullahi marubuci ne kafin ya zama mai mulki, kuma bai ajiye alƙalami ba bayan ya zama. Ya rubuta Diya' al-Hukkam a kan shugabanci lokacin da ya sauka a Kano, bisa roƙon mutanen garin. Ya rubuta Tazyin al-Waraqat a 1813, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin jihadi. Ya rubuta tafsirin Diya' al-Ta'wil, sannan ya taƙaita shi a Kifayat Du'afa' al-Sudan domin ɗaliban da babban ya yi wa nauyi. Yana da littattafan nahawu da sarafu irin su al-Bahr al-Muhit da al-Hisn al-Rasin. Idan aka haɗa da na Shehu da na Bello da na Nana Asma'u, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, rubuce-rubucen gidan sun kai ɗaruruwa.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ga injin bugu a rayuwar mawallafinsa. Duk da haka sun isa Ilori da Nupe da Adamawa da Masina. Abin da ya ɗauke su shi ne ɗalibai da malamai da masu kwafa don lada ko don kuɗi. Daular da ta shimfiɗu daga Liptako zuwa Fombina ta gudana da wasiƙu da fatawoyi da littattafan hukunci waɗanda hannu ya rubuta, shafi bayan shafi.

Yadda ake yin littafi da hannu

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da iliminsa. Alƙalami ana feƙe shi daga kara ko daga ƙarfafan ciyayi irin su gamba, a tsaga bakinsa don ya riƙe tawada. Tawada iri biyu ce. Ta allo ana haɗa ta da gawayi da ƙaro, domin a iya wanke ta. Ta takarda kuwa ana jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera ko guntayen ƙarfe, a ƙara ƙaro, ta fito baƙa ko mai jaja-jaja, ta kama takarda ta shekara ɗaruruwa. A Alƙur'ani baƙaƙe kan zo da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, alifin sadarwa da ɗigon kore. Farkon izu da wuraren sujada ana ƙawata su da zayyana.

Takarda ce kaɗai ba a yi a gida. Ana shigo da ita ta hamada daga Tarabulus da Masar, kuma mafi shahara ita ce ta arewacin Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wanda ake gani idan an ɗaga takardar a haske. Kamfanin iyalan Galvani na yankin Pordenone yana cikin manyan masu yin ta. Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851. Wannan tambari yana taimaka wa masana a yau wajen ƙiyasta shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba.

Ba a ɗinke littafi. Ganyayyakin a warwatse suke, ana rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi don kada jeri ya rikice. Wannan ya ba malami damar raba littafi ɗaya ga ɗalibai da yawa su kwafa a lokaci guda. Idan an gama sai a sa shi cikin tadarishi na fata, a ɗaure, a zura a gafaka. Ke nan littafi ɗaya yana ciyar da fatake da marubuci da mai zayyana da majemi da baduku.

A tsangaya rubutu ɓangare ne na karatu. Ɗalibi yana hawa daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, kuma ba a cika kiran mutum alaramma ko gwani ba sai ya zauna ya rubuta izu sittin da ka, ba tare da duba wani Alƙur'ani ba, sannan wasu gwanaye su bi su tace. Aiki ne na watanni. Barno ce ta fi suna a wannan fanni. Akwai Alƙur'anin Barno da ke ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 1669, kuma matafiyan Ingila na shekarun 1820 sun rubuta cewa ana kai Alƙur'anan Barno Arewacin Afirka ana sayarwa da tsada. Salon rubutun mai kauri da kusurwoyi, wanda ke tafiya da ƙira'ar Warshu, ya samo tushe daga tsohon rubutun Magariba, amma ya zama na wannan yanki har masana suka ba shi suna na kansa, Barnawi, da reshensa na Kano.

Abin da ya faru da bugun katako a Japan

Bugun katako shi ma aikin taron dangi ne. Mai wallafa ne ke sa jari. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a allon itacen ceri ya sassaƙe duk inda ba layi, mabugi kuma ya shafa launi ya murza takarda da wani faifai na hannu da suke kira baren. Kowane launi da allonsa, kuma ana yanka wata alama a gefen allo domin takarda ta zauna wuri ɗaya a kowane bugu. Daga 1765, zamanin Suzuki Harunobu, aka fara bugu mai launuka da yawa. Hokusai, wanda ya rayu daga 1760 zuwa 1849, da Hiroshige, daga 1797 zuwa 1858, su ne suka kai sana'ar ƙololuwa da hotunan dutsen Fuji da na zangunan hanyar Tokaido. Kayan talakawa ne: hoto ɗaya bai wuce kuɗin kwanon taliya ba. Littattafai ma da katako ake buga su, abin da ya sa rubutun hannun marubuci yake fitowa a shafi yadda ya zana shi.

Da aka yi juyin Meiji a 1868, gwamnati ta rungumi fasahar Turai gadan-gadan. Motoki Shozo ya fara zuba haruffan dalma a Nagasaki a wajajen 1870. Jaridar kullum ta farko ta fito a Yokohama a 1871. Hoton kyamara da bugun dutse suka shigo, sun fi sauri, sun fi araha idan ana son dubbai. Masu katako sun sami kasuwa ta ƙarshe a yaƙin Japan da Sin na 1894 zuwa 1895, inda suka buga hotunan fagen fama. Da aka yi yaƙi da Rasha a 1904 zuwa 1905, mutane sun riga sun koma ga hoton kyamara da katin gidan waya. A daidai wannan lokaci Turawa ke kwasar tsofaffin bugun da araha. Monet ya tara su a gidansa, Van Gogh ya kwaikwayi zanen Hiroshige a 1887. Abin da 'yan gida suka ɗauka tsohon yayi ne ya zama abin alfahari a Faris.

Matakai huɗu na dusashewa a ƙasar Hausa

Mataki na farko na siyasa ne. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Turawan mulkin mallaka sun zaɓi haruffan boko domin aikin gwamnati. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Daga nan hanyar samun aikin albashi ta bi ta boko. Hukumar Fassara ta 1929, gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, da Kamfanin Gaskiya na Zariya na 1945, duk sun gina adabin Hausa na zamani a kan boko. Alƙalai da sarakuna sun ci gaba da amfani da Larabci da Ajami na wani lokaci, amma magatakardan da ya iya su kaɗai ya daina zama ginshiƙin mulki. Da aka zo gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kalmar kanta ta ɗora wa wanda bai iya boko ba tambarin jahilci, ko da yana rubuta wasiƙa da Ajami.

Mataki na biyu shi ne zuwan maɗaba'a, kuma a nan tarihin ya saɓa wa abin da ake zato. Injin bai kashe marubuci nan take ba. Haruffan dalma na Larabci da ake da su na salon Gabas ne, almajiran Warshu kuwa ba su saba da su ba: a rubutunsu harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Da aka sami injin ofset, wanda ke ɗaukar hoton shafi ya juya shi a farantin bugu, sai 'yan kasuwa suka riƙa biyan marubuci ya rubuta littafi da hannu, a ɗauki hotonsa a buga dubbai. Daga shekarun 1950 maɗaba'u irin su Gaskiya a Zariya da Oluseyi da Northern Maktabat a Kano suka cika kasuwa da Ahalari da Ashmawi da Iziyya da Ishiriniya da waƙoƙin Ajami, duk da hannun marubutan gida. Kasuwar Kurmi ta zama cibiyar wannan ciniki. Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano ya yi suna ta wannan hanya, domin Alƙur'anin da ya rubuta ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba. Ko jaridar Alfijir, wadda kamfanin Triumph na Kano ya fara fitarwa da Ajami a farkon shekarun 1980, tana cikin wannan zango.

Sai dai wannan sabuwar rayuwa ta zo da sharaɗi. Inda a da kowane kwafi yake buƙatar marubuci, yanzu marubuci ɗaya ya ishi ƙasa baki ɗaya. Gwanaye kaɗan a birni suka sami suna, masu kwafa na ƙauyuka suka rasa ciniki.

Mataki na uku ya zo daga waje. Bugun Alƙahira na 1924 ya daidaita Alƙur'ani a kan ƙira'ar Hafsu da rubutun Gabas. Littattafan Misra da na Beirut suka riƙa shigowa ta hannun alhazai da 'yan kasuwa. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, mai buga miliyoyin kwafi a kowace shekara, da yawa ana raba su kyauta. Makarantun Islamiyya, waɗanda suka yawaita tun daga shekarun 1970, sun ɗauki Hafsu da bugun Madina da littafin rubutu da biro. Yaro zai iya sauke Alƙur'ani a Islamiyya bai taɓa feƙe alƙalami ba, kuma idan aka miƙa masa littafin kakansa sai ya yi ta tuntuɓe a kan ɗigo.

Mataki na huɗu shi ne kwamfuta da wayar hannu. Mai maɗaba'a ba ya buƙatar marubuci idan yana da mai buga Larabci a kwamfuta, kuma ɗalibi ba ya buƙatar kwafa idan littafin yana cikin wayarsa. Har salon rubutun ma ya shiga na'ura: a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da tsarin haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano.

A gefe guda tsangaya, wadda ita ce makarantar koyon sana'ar, ta shiga tsaka mai wuya. An fi tattauna ta a matsayin matsalar bara da tsaro. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Matsalar yaran da ke yawo a titi gaskiya ce, kuma tana buƙatar magani. Amma a cikin wannan muhawara ba kasafai ake tuna cewa allo da tawada a Dangoma ko Kalgo ko Gwandu su ne matakin farko na wata fasaha mai shekaru ɗaruruwa ba.

Riba da hasara

Adalci ne a faɗi abin da inji ya kawo. Diya' al-Ta'wil, wanda a da sai babban malami ke mallakarsa, an buga shi a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu, ya shiga hannun ɗalibai. Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyin al-Waraqat da fassararsa a Ibadan a 1963. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukan Nana Asma'u a 1997. Littafi ya yi araha, kurakuran masu kwafa sun ragu, mata da talakawa sun sami abin da a da yake na gidajen malamai. Babu mai hankalin da zai nemi a koma kwafar Risala da hannu domin karatun yau da kullum.

Hasarar tana wani wuri. Littafin hannu yana ɗauke da abin da bugu ke zubarwa. Tsakanin layuka da gefen shafi akwai fassarar kalmomi da Hausa ko Fulatanci, waɗanda su ne tsofaffin shaidun yadda harsunan suke a da. A ƙarshen littafi marubuci kan sa sunansa da na wanda ya rubuta wa, wani lokaci da gari da shekara. A bangon ciki akan sami tarihin haihuwa, bashi, iyakar gona, ko shekarar yunwa. Waɗannan su ne kayan aikin mai rubuta tarihi, kuma su ne hujja a rikicin gado da na sarauta. Al'ummar da ta daina koyar da hannun da ya rubuta su, a hankali za ta rasa idon da zai karanta su. Sakamakon haka shi ne matashi mai son sanin yadda aka yi mulki a Gwandu ya dogara da fassarar jami'an mulkin mallaka, irin wadda E. J. Arnett ya yi wa Infaq al-Maisur a 1922, ko wadda H. F. Backwell ya yi wa wasiƙun gidan Wazirin Sakkwato a 1927, alhali asalin yana cikin akwati a garinsu.

Ina littattafan suke yanzu?

Wasu suna hannun hukumomi. Ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan ya fara tattara su tun shekarun 1950. Akwai tari a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, da shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da gidan tarihi na Jos, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wasu sun ƙetare teku: ɗakin karatun Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, mai ɗauke da rubuce-rubuce sama da 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. Kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan rubuce-rubucen wannan yanki shi ne har yanzu jagoran mai neman sanin wa ya rubuta me, kuma ina kwafin yake. Ɗakin karatu na Birtaniya, ta shirinsa na ceto takardun da ke cikin haɗari, da Jami'ar Boston, sun ɗauki hotunan wasu tarin na Arewacin Najeriya sun sa a intanet.

Sauran suna gidajen malamai, cikin gafaka da adaka da buhu. Maƙiyansu sanannu ne: gara, ɗigar ɗaki, gobara, da rabon gado, inda ake raba littafi ɗaya maras ɗinki tsakanin magada har jerinsa ya ɓace. Kebbi jiha ce ta fadama, kuma ambaliyar 2020 ta nuna yadda ruwa ke cin garuruwan bakin kogi. Abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona wasu littattafai a Cibiyar Ahmad Baba, ya nuna cewa rashin tsaro ma yana iya kaiwa ga takarda.

Abin da Japan ta yi

Bugun katako bai koma yadda yake a zamanin Hokusai ba, kuma masu yin sa a yau kaɗan ne. Amma igiyar ba ta tsinke ba, saboda abubuwa uku. Na farko, an nemo masa sabuwar kasuwa. Daga 1915 mai wallafa Watanabe Shozaburo ya haɗa masu zane na zamani da tsofaffin masassaƙa da mabuga, ya sayar wa masu tara kayan fasaha a gida da waje. Cibiyar Adachi, wadda aka kafa a 1928, har yanzu tana sake buga tsofaffin ayyuka da hannu tana kuma horar da matasa.

Na biyu, doka. Bayan gobarar da ta lalata zanen bangon haikalin Horyuji a 1949, majalisa ta yi dokar kare dukiyar al'adu ta 1950, wadda ta amince cewa gwaninta ma dukiya ce. Daga 1955 aka fara ayyana wasu gwanaye a matsayin masu riƙe da fasahar ƙasa, ana ba kowannensu tallafin yen miliyan 2 a shekara domin ya ci gaba da aiki ya kuma koyar. Gyaran 1975 ya ƙara da fasahohin da ake buƙata wajen adana kayan tarihi, kuma a 1978 sassaƙa da bugun katako suka shiga wannan jeri. A 2007 aka ayyana bugun katakon Edo a matsayin sana'ar gargajiya ta ƙasa.

Na uku, daraja a idon jama'a. Hotunan Fuji na Hokusai suna cikin fasfon Japan tun 2020. A 2023 an sayar da kwafi ɗaya na igiyar tekun nan a New York kan sama da dala miliyan 2.7.

Abin da ke hannun Najeriya da Kebbi

Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta lissafa rubutun hannu cikin kayan tarihi idan an yi shi kafin 1918, ta kuma hana fitar da shi waje ba da izini ba. Wannan kariya ce ga takarda. Hannun da ke rubutawa da wanda ke haɗa tawada suna buƙatar wata irin kariya daban, irin wadda yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta tanada, kuma Najeriya ta amince da ita tun 2005. Kebbi ta riga ta san hanyar: bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin gadon al'adun duniya a 2016, hawan sallar Kano ya bi baya a 2024. Da aka sa fasahar rubutun Larabci a jerin a 2021, ƙasashe 16 ne suka gabatar da buƙatar, ciki har da Sudan da Muritaniya, babu Najeriya.

Ayyukan da ke gaba ba masu tsada ba ne idan aka kwatanta da kasafin jiha. Ƙidayar littattafan da ke gidajen malamai a masarautar Gwandu, tare da ɗaukar hotonsu a bar wa masu su kayansu, aiki ne da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma take zaune a ƙasar Kalgo, za ta iya yi da haɗin guiwar fada. Rajistar alarammomin da har yanzu ke rubuta Alƙur'ani da ka, da ba su alawus bisa sharaɗin ɗaukar almajiri, abu ne da majalisar dokokin jiha za ta iya sa wa doka. Hukumar almajirai ta 2023 za ta iya sa rubutun Warshu da haɗa tawada da zayyana cikin sana'o'in da take ba wa shaida. Sashen Hausa da na tarihi a kowace jami'ar Arewa za su iya wajabta karatun Ajamin tsofaffin takardu ga ɗalibansu. Gwamnatocin da ke sayen kyaututtuka domin manyan baƙi za su iya sayen aikin marubucin gida.

Akwai kuma abin da bai jira gwamnati ba. Duk gidan da ke da gafakar kaka zai iya fito da ita daga ƙasa, ya nisanta ta daga danshi, ya ɗauki hoton kowane shafi bisa jeri, ya nemi wani alaramma ya karanta masa sunan marubuci da shekarar da ke ƙarshen littafin, a rubuta a ajiye. Masu iya wannan karatu suna nan a zaurukan Gwandu da Kalgo da Jega, amma yawancinsu sun manyanta, kuma lokacin tambayarsu yana ƙurewa.